Mai Ɗaukar Fayil

Shekara ashirin da uku ina hawan benen nan,
ni Tasi'u na Agege, masinjan ofishin jarrabawa.
Takalman da na kashe tsakanin Sashe da Tsangaya
ban ƙirga ba, amma gwiwata ta ƙirga.

Da sassafe danfo ke zubar da ni a Akoka,
tafki na hamma, gada na nishi da motoci.
Na san hanyar takarda kamar yunwar cikina.
Ruwa gangara yake yi,
ita kuwa hawa take, a kan ƙafata.

Daga hannun malami take fitowa, jan biro a jikinta,
shugaban Sashe ya duba, ya yi tsaki, ya sa hannu.
Sai Tsangaya, ranar Laraba,
a yi ta ja-in-ja kan maki ɗaya har shayi ya huce.
Daga nan kwamiti.
Bayan kwamiti akwai ƙanin kwamiti.
Can ƙoli Majalisar Dattawan Jami'a:
su ke cewa wannan darasi ya shiga manhaja, wancan ya tsufa,
wane ya gama, wane ya maimaita,
wane ya tattara komatsansa.
Shugaban Jami'a ke zama a tsakiya,
amma alƙalami na hannun Magatakarda,
abin da bai rubuta ba, ko an faɗa, ba a faɗa ba.

Ni benci ne kujerata, a bakin ƙofa.
Ta ƙasan ƙyaure sanyin ɗakin ke lasar ƙafata.

Daminar bara wata yarinya ta tsaya a tagarmu,
Sahura Gambo, 'yar mai albasa a Mil Sha Biyu.
Shekara huɗu tana lissafi,
sai makin darasi ɗaya ya yi ɓatan dabo.
Madam Ajibola ta ce ba ya cikin kwamfuta.
Sashe ya ce ya tura. Tsangaya ta ce ba ta gani ba.
Yarinyar ba ta yi kuka ba,
jakarta kawai take matsewa,
Majalisa kuma jibi za ta zauna.

Na tuna wani kabad a Sashe, inda rufi ke yoyo.
Na durƙusa cikin ƙura da kashin ɓera
ina ɓare takardu kamar mai ɓare albasar ubanta.
Ga ta nan, manne a bayan fayil ɗin wani Chukwudi:
sittin da bakwai, da sa hannun malamin da ya yi ritaya.

Na cusa ta cikin riga, tsakanin singileti da fata.
Sama ta ɓalle, irin ruwan Ikko da ba ya sallama.
Na ratsa harabar, ruwa har ƙwauri,
na iso ina ɗiga kamar kaza.
Madam ta dube ni ta saman tabarau,
ta hura hatimi, ta buga.

Ranar yaye ɗalibai Malam Gambo ya zo da buhu guda,
yana tambayar babban da ya taimaki 'yarsa.
Ni ya tambaya.
Na ce, biyo ni, Malam.
Na saɓa buhun, hawa uku, har ofishin shugaban Tsangaya.
Ɗauka ai aikina ce.

Da yamma Madam ta kira ni ba tare da ta ɗago kai ba,
ta turo mini leda da albasa shida a ciki.

An ce baɗi babu sauran fayil,
komai ta waya zai bi, ba hawa ba sauka.
To, madalla.
Sai dai ina so in ga ranar da ruwa zai ɓalle,
wace riga kwamfutar za ta cusa takarda a ciki.